Joselu: Ɗan wasan da ya zaga ƙungiyoyi 11, wanda Real Madrid ta yi kewarsa bayan Arsenal ta fitar da ita

Bayan da Arsenal ta fitar da Real Madrid daga gasar Zakarun Turai a daren Laraba 16 ga watan Afrilun 2025, sunan da aka fi ambata a birnin Madrid na wani ɗan wasa ne da bai buga wasan ba, ba ya ma cikin ƙungiyar. Mai tsaron ragar Madrid, Thibaut Courtois, ya shaida wa manema labarai cewa sun yi ta jefa ƙwallo sama zuwa bakin ragar Arsenal, amma bana ba su da Joselu da zai tare ta.

Arsenal ta ci 3-0 a Landan ranar 8 ga wata, ta kuma sake cin 2-1 a filin Santiago Bernabeu, jimilla 5-1 ke nan. A ƙungiyar da ke da Kylian Mbappe da Vinicius Junior da Jude Bellingham da Rodrygo, abin mamaki ne a ce mutumin da aka yi kewa shi ne ɗan shekara 35 da ke wasa a Katar a lokacin, wanda Stoke City da Newcastle suka gwada suka sallama, wanda kuma ƙungiyoyinsa biyu suka faɗa rukuni na biyu a shekaru biyu a jere.

Tarihin wasan Joselu na bayyana yadda kasuwar ƙwallon Turai ke sarrafa ƴan wasan da ba taurari ba ne, kuma su ne mafi rinjaye. Yana kuma nuna abin da babbar ƙungiya ke rasawa idan ta tara manyan sunaye masu salon wasa iri ɗaya.

Daga Silleda zuwa Madrid

Cikakken sunansa Jose Luis Mato Sanmartin. An haife shi ranar 27 ga Maris 1990 a birnin Stuttgart na Jamus, inda iyayensa ƴan Sifen ke zaune a lokacin. Yana ƙarami iyalin suka koma Silleda, wani ƙaramin gari a yankin Galisiya da ke arewa maso yammacin Sifen, yankin da ya yi suna wajen fitar da ƴan ci-rani zuwa Jamus da Suwizalan da Kudancin Amurka. Ya taso a makarantar horar da yara ta Celta Vigo.

A 2009 Real Madrid ta saye shi, ta bar shi aro a Celta tsawon kaka ɗaya, sannan ta kai shi ƙaramar ƙungiyarta, Castilla. Ranar 21 ga Mayun 2011 Jose Mourinho ya saka shi a wasan ƙarshe na La Liga da Almeria. Ya canji Karim Benzema, bayan ƴan mintoci Cristiano Ronaldo ya ba shi ƙwallo ya zura a raga, aka tashi 8-1. A Disambar wannan shekara ya sake shiga wasan Copa del Rey da Ponferradina, nan ma ya ci. Wasa biyu, ƙwallo biyu.

Duk da haka babu gurbi. Benzema da Gonzalo Higuain da Ronaldo na gabansa, Alvaro Morata kuma na tasowa tare da shi. Bayan ya taimaka wa Castilla ta hau rukuni na biyu a 2012, sai aka sayar da shi ga Hoffenheim ta Jamus kan kuɗin da jaridu suka ce ya kai yuro miliyan 6, wato kusan miliyar 4 na sefa.

Wannan tsari ne da Madrid ta daɗe tana bi: ta horar da matashi, ta sayar da shi, idan ya yi fice ta dawo da shi. A wannan bazarar ta 2012 ta sayar da Dani Carvajal ga Bayer Leverkusen, ta sake sayen sa bayan shekara ɗaya kacal. Joselu sai da ya jira shekara 11.

Ƙungiya shida cikin kaka shida

Daga 2012 zuwa 2017, duk bazara sai Joselu ya tattara kayansa. Hoffenheim, Eintracht Frankfurt, Hannover 96, Stoke City, Deportivo La Coruna, Newcastle United. Kowace kaka sabon gari, sabbin abokan wasa, sabon koci da salonsa.

A Hoffenheim ya tarar da ƙungiya cikin ruɗani. An kori kocin da ya kawo shi, Markus Babbel, a watan Disamba, aka ci gaba da sauya masu horarwa, ƙungiyar kuma da ƙyar ta tsira a Bundesliga ta hanyar wasan cike gurbi da Kaiserslautern. Aka ba da shi aro ga Frankfurt, inda ya ci ƙwallo 9 a gasar. Hannover ta saye shi, ya ci 8. Ba mummunan sakamako ba ne ga matashi ɗan shekara 24 ko 25 a ƙungiyoyin tsakiyar teburi, shi ya sa Stoke ta biya fam miliyan 5.75 a 2015.

A Ingila ne abin ya ƙi. Ya ci ƙwallo 4 a gasar Firimiya, yana takarar gurbi da Mame Biram Diouf da Jonathan Walters da Peter Crouch. Stoke ta tura shi aro Deportivo. A can, a watan Disambar 2016, ya taso daga benci ya zura wa Real Madrid ƙwallo biyu a Bernabeu, ko da yake Sergio Ramos ya ƙwace wasan a mintin ƙarshe, 3-2. A 2017 Rafa Benitez ya kai shi Newcastle kan kimanin fam miliyan 5, a lokacin da mai ƙungiyar, Mike Ashley, ke tsuke bakin aljihu. Ƙwallo 6 kawai ya ci a gasar cikin kaka biyu, magoya baya suka yi ta yi masa ba'a saboda damarmakin da yake ɓarnatarwa, sai Salomon Rondon ya karɓe gurbin.

Akwai abin lura a farashinsa. Sau huɗu ana sayen sa a wannan tsakanin, kuma kowane lokaci kuɗin na tsakanin miliyan 5 zuwa 8 na yuro. Ɗan wasa mai irin wannan farashi yana da sauƙin saye, yana da sauƙin sayarwa. Ƙungiya ba ta zuba dukiyar da za ta tilasta mata yin haƙuri da shi ba, kuma idan ta sallame shi ba ta yi wata babbar asara ba. Wanda aka saya kan miliyan 80 ana ba shi shekara biyu ya saba da gari. Na miliyan 5 wata shida yake samu, idan koci ya sauya kuma, shi ne farkon wanda ake sakawa a kasuwa.

Tsarin aro ma ya taimaka. Ƙungiya na iya riƙe kwantiragin ɗan wasa, ta bar wata tana biyan albashinsa, tana jiran farashinsa ya tashi. Yawaitar hakan ce ta sa hukumar FIFA ta kafa sabbin dokoki daga Yulin 2022: aro ba zai wuce shekara ɗaya ba, kuma an taƙaita yawan ƴan wasan da ƙungiya za ta bayar ko ta karɓa aro tsakanin ƙasa da ƙasa zuwa 8, aka rage zuwa 7, yanzu kuma 6.

Ƙwallaye a ƙungiyoyin da ke nitsewa

A 2019, yana da shekara 29, ya koma Sifen, ƙungiyar Alaves ta garin Vitoria a yankin Basque. A nan ne karon farko da ya zauna wuri guda har shekara uku, kuma alƙaluman sun nuna bambanci: ƙwallo 11 a kakar farko, 11 a ta biyu, 14 a ta uku.

Joselu bai sauya ba, aikin da aka ba shi ne ya dace da shi. Tsawonsa ya haura mita 1.90, ba shi da gudun tsere wa masu tsaron baya, ba kuma gwanin yanka ba ne. Ƙarfinsa na sama ne: ya tare doguwar ƙwallo da ka ko da ƙirji, ya ba abokan wasa lokacin isowa, ya kasance a wurin da ƙwallo za ta faɗo a cikin da'irar gola. Alaves ƙungiya ce da ba ta riƙe ƙwallo sosai, tana dogaro da dogayen bugu, don haka komai na bi ta kansa. Shekara bayan shekara yana cikin waɗanda suka fi lashe ƙwallon sama a La Liga.

Amma Alaves ta ƙare a ƙarshen teburi a 2022 ta faɗi. Kwantiraginsa ya ƙare, Espanyol ta Barcelona ta ɗauke shi kyauta. Ya ci ƙwallo 16, Robert Lewandowski da Benzema ne kawai suka fi shi a gasar. Espanyol ma ta faɗi. Ƙwallo 30 cikin kaka biyu, faɗuwa biyu.

Wannan na nuna iyakar abin da mai cin ƙwallo zai iya yi shi kaɗai. Yana kuma nuna dalilin da ya sa manyan ƙungiyoyi suka daɗe ba su kula da shi ba. Masu sayen ƴan wasa na neman matashi ɗan shekara 21 da za a iya sake sayarwa da riba. Ɗan shekara 32 da ke ƙungiyar da ke fama a ƙasan teburi ba ya cikin lissafinsu, komai yawan ƙwallayensa.

Kocin tawagar Sifen, Luis de la Fuente, shi ne ya fara karya wannan al'ada. Ranar 25 ga Maris 2023, kwana biyu kafin Joselu ya cika 33, ya saka shi a karon farko a wasa da Norway a Malaga. Ya shiga ana saura ƙasa da minti 10, ya ci biyu a jere. A watan Yuni ya ci wa Sifen ƙwallon nasara a kan Italiya a minti na 88, a wasan kusa da na ƙarshe na Nations League, kofin da Sifen ta ɗauka.

Shekara ɗaya a Bernabeu

A bazarar 2023 Benzema ya tafi Al-Ittihad ta Saudiyya. Eden Hazard da Marco Asensio da Mariano Diaz ma suka bar ƙungiyar. Magoya baya na jiran Mbappe ko Harry Kane. Kane ya tafi Bayern Munich kan kusan yuro miliyan 100, Mbappe ya zauna a Paris, Madrid ta kashe miliyan 103 kan Bellingham, sannan ta karɓi Joselu aro daga Espanyol da sharaɗin za ta iya sayen sa kan miliyan 1.5. Riga mai lamba 9 ta zauna ba mai ita, shi ya ɗauki lamba 14. A gidajen kallo da fadojin matasa na Maraɗi da Damagaram da Yamai, kamar a Madrid ɗin kanta, magoya bayan Barcelona sun samu abin tsokana.

Carlo Ancelotti bai yi ƙoƙarin mayar da shi Benzema ba. Ya gina wasansa kan Vinicius da Rodrygo da Bellingham, ya ajiye Joselu don ranar da abokan hamayya suka koma baya suka rufe ƙofa, ko ranar da manyan ke buƙatar hutu. A haka ya ci ƙwallo 10 a La Liga da 5 a gasar Zakarun Turai. Madrid ta lashe La Liga da maki 95, sau ɗaya kawai aka doke ta.

Daren da ya kafa sunansa shi ne 8 ga Mayun 2024, wasa na biyu na kusa da ƙarshe da Bayern. An yi 2-2 a Munich. A Madrid, Alphonso Davies ya ci wa Bayern a minti na 68. Joselu ya shiga a minti na 81. Thomas Tuchel ya fitar da Kane don ya kare ƙwallon da ya ci. A minti na 88 Vinicius ya buga, ƙwallon ta kuɓuce wa Manuel Neuer, Joselu na wurin ya tura ta raga. Bayan minti uku Antonio Rudiger ya miƙo wata, ya sake ci. Mataimakin alƙali ya ɗaga tuta cewa satar gida ce, na'urar VAR ta tabbatar da ƙwallon.

Duka ƙwallayen biyu daga ƴan taku kaɗan ne zuwa raga, babu yanka, babu bugun nesa. Sai dai su ne irin ƙwallayen da ke buƙatar mutumin da ya saba bin kowane bugu, yana zaton gola zai iya yin kuskure. Madrid ta doke Borussia Dortmund 2-0 a Wembley ranar 1 ga Yuni, ta ɗauki kofin karo na 15. Shekara biyu kafin nan, a 2022, Joselu ya je Paris ne a matsayin ɗan kallo, sanye da rigar Madrid, don ganin wasan ƙarshe da Liverpool.

Me ya sa ya tafi Katar?

Kafin ƙarshen watan Yunin 2024, Madrid ta biya Espanyol yuro miliyan 1.5 ɗin, kimanin miliyan 984 na sefa, sannan ta miƙa shi ga Al-Gharafa ta Katar, inda ya haɗu da Yacine Brahimi na Aljeriya. A lokacin yana sansanin Sifen a gasar Euro 2024, wadda suka lashe bayan doke Ingila 2-1 a Berlin.

Lissafin ɗan wasan a fili yake. Yana da shekara 34, Mbappe ya iso, matashi Endrick na hanya daga Palmeiras ta Brazil, don haka mintocinsa za su ragu. Ya shafe yawancin rayuwarsa ta ƙwallo a ƙungiyoyin da ba sa biyan albashin taurari. A Sifen harajin masu babban albashi na kaiwa kashi 45 cikin 100 ko fiye, a Katar kuwa ba a cire haraji daga albashi. Kwantiragin shekara biyu a irin wannan shekaru shi ne damar ƙarshe ta tara abin da iyali za su rayu da shi bayan ritaya. Duk wanda ya taɓa barin gida don neman na kansa ya san wannan lissafi.

Lissafin ƙungiyar ne ke da alamar tambaya. Madrid ba ta nemi wani mai irin salonsa ba. Mbappe da Vinicius duk sun fi son ɓangaren hagu, suna son fili a gabansu don su yi gudu. Babu ɗaya daga cikin Mbappe da Vinicius da Rodrygo da Endrick da ya kai mita 1.80. Da Arsenal ta ja baya ta toshe tsakiya, sai Madrid ta koma jefa ƙwallo sama, William Saliba da Jakub Kiwior kuma suna mayarwa ba tare da wahala ba.

A ɗaya ɓangaren, Mikel Arteta ya rasa Kai Havertz da Gabriel Jesus saboda rauni, sai ya mayar da dogon ɗan wasan tsakiya Mikel Merino gaba. Merino, wanda ya yi wasa tare da Joselu a Newcastle a kakar 2017/2018, shi ya ci ƙwallo ta uku a Landan bayan bugun tazara biyu na Declan Rice.

Duk da haka, rashin Joselu bai isa ya bayyana ci 5-1 ba. Toni Kroos ya yi ritaya a 2024 kuma ba a maye gurbinsa ba. Carvajal ya ji rauni a gwiwa a watan Oktoba, Eder Militao a Nuwamba. Barcelona ta riga ta nuna raunin ƙungiyar da ci 4-0 a Bernabeu da 5-2 a Jidda. Joselu yana da amfani ne idan ana neman ƙwallo ɗaya a minti 10 na ƙarshe. Gibin ƙwallo uku ya fi ƙarfin ɗan benci. Abin da maganar Courtois ta fallasa shi ne ƙungiyar ba ta da wata dabara ta biyu idan ta farko ta ƙi.

Abin da labarin bai faɗa wa matashin Nijar ba

Ana yawan yaɗa labarin Joselu a Facebook da TikTok a matsayin darasin haƙuri: wanda ya jure, watarana zai ɗaga kofi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce.

Joselu ya yi yawonsa ne da fasfo ɗin Tarayyar Turai. Tun hukuncin Bosman na 1995, ɗan wasan ƙasar da ke cikin tarayyar na iya aiki a kowace ƙasa ta tarayyar ba tare da an ƙidaya shi baƙo ba, kuma idan kwantiraginsa ya ƙare yana tafiya kyauta. Lokacin da ya je Stoke da Newcastle, Birtaniya na cikin tarayyar, bai buƙaci takardar izinin aiki ba. Ya kuma fito daga makarantun Celta da Real Madrid, sunayen da ke buɗe ƙofa ko da kaka ta yi muni. Da Ingila ta ƙi shi, yana da gasar ƙasarsa da zai koma, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi a duniya.

Ɗan wasan Afirka ba shi da wannan katifa. Dokar FIFA ta hana kai yaro ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu ƴan yanayi na musamman. Izinin zamansa a Turai yawanci na rataye ne da kwantiraginsa. Ingila kuma tun 2021 na amfani da tsarin maki da ke duba matsayin tawagar ƙasar ɗan wasa da ƙarfin gasar da ya fito. Saboda haka duk wani dillali da ya nemi iyaye su biya kuɗi don a kai yaro gwaji Turai, abin a yi taka-tsantsan ne da shi. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske takan aiko da gayyata a rubuce, wadda za a iya tantancewa ta hannun hukumar ƙwallon ƙasa, FENIFOOT.

Nijar na da nata misalin. Moussa Maazou, wanda ya ci ƙwallon da Mena ta doke Masar 1-0 a Yamai a Oktoban 2010, a hanyar zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012, ya tashi daga Lokeren ta Beljiyam zuwa CSKA Moscow a 2009, aka ba da shi aro ga Monaco da Bordeaux, daga baya ya buga a Tunisiya da Fotugal da Sin da Denmark, ya sake komawa Faransa. Bai ɗaga kofin Zakarun Turai ba, amma ya shafe fiye da shekara 10 yana cin abinci da ƙafarsa a ƙasashen waje. Ga mafi yawan ƙwararrun ƴan wasa, wannan ita ce nasarar da ake iya samu, kuma ba ƙarama ba ce.

A tsakiyar Afrilun 2025, Madrid na bayan Barcelona da maki huɗu a La Liga, kafin su haɗu a wasan ƙarshe na Copa del Rey ranar 26 ga Afrilu a Sevilla. A lokacin ana ta alaƙanta Ancelotti da aikin horar da tawagar Brazil. Ko shi ne zai zauna ko wani zai zo, shawarar da ke gaban shugaban ƙungiyar Florentino Perez a bazarar 2025 ita ce: ya nemo ɗan wasan gaba mai tsawo da zai yarda ya zauna a benci, daga kasuwa ko daga Castilla, ko kuma ya sake shiga kaka da ƴan gaba huɗu masu son ƙwallo a ƙasa.